Tafkin Njuwa: Kada Gine-gine Su Cinye Fadama

Duk ɗan Adamawa da ke neman abincinsa a Ikko ko Fatakwal, idan aka ambaci Njuwa sai hankalinsa ya koma gida. A wannan tafki na gefen garin Yola, cikin fadamar kogin Binuwai, masunta na kusa da na nesa suka saba taruwa kowace shekara domin bikin kamun kifi. Amma yashi da laka suka yi ta cike shi, ruwansa ya ja baya, har bikin ya tsaya shekara da shekaru.

Ruwa ba ya tsami banza. Rayuwar tafki irin wannan a hannun kogi take, domin da damina kogin ke tumbatsa ya malala cikin fadama, ya kawo sabon ruwa da 'ya'yan kifi. Tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, cika da janyewar Binuwai suka sake salo. Bugu da ƙari, sare itatuwa da noma har bakin gaɓa sun sa ruwan sama yana kwaso ƙasa yana zubawa cikin tafki. Ga kuma bunƙasar gari tun daga 1976, lokacin da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola, da 1991 da aka kafa Jihar Adamawa. Jama'a ta ƙaru, filaye suka yi daraja, gidaje suka gangara inda da can ruwa ke kwana.

Masu ganin fadama tamkar filin banza ba su yi lissafi daidai ba. Fadama rumbun ruwa ce, tana shanye ambaliya kafin ta isa gidajen mutane, tana kuma ciyar da rijiyoyi da rani. Daga cikinta masunci ke samun kifi, makiyayi ya shayar da shanu, manomin rani ya fitar da shinkafa da kayan lambu, kamar yadda ake gani a tafkin Geriyo na Jimeta. Ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan Lagdo ya ƙara wa ƙarfi, sun nuna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. A 2022 kaɗai mutane fiye da 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan.

'Yan Arewa mazauna Kudu shaidu ne a kan wannan batu. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe unguwar Maroko, aka kori dubban talakawa, wurin ya koma hannun masu hali. Daga nan aka ci gaba da cike fadamun Lekki da yashi ana gini, ga shi kuwa ruwan sama kan mamaye titunan yankin da damina. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Babu mai hankalin da zai ce kada Yola da Jimeta su bunƙasa, domin jama'a na bukatar gidaje da hanyoyi da kasuwanni. Abin da ake nema shi ne tsari. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni amana a hannun Gwamna, saboda haka wajibi ne a auna iyakar Njuwa da Geriyo, a kafa alamu, a daina ba da takardar fili a kan hanyar ruwa ko da wane ne mai nema. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Tilas a yi aiki da ita da gaske. Yashe tafki kuwa ba zai ɗore ba sai an dasa itatuwa a gaɓarsa, an kuma saurari masunta da manoma da makiyaya. Gwamnatin Tarayya ita ma ta cika tsohon alkawarin madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara domin tare ruwan Lagdo.

Akwai kuma nauyi a kan 'yan ci-rani. Wanda ya tara guminsa na shekaru ya aika gida a saya masa fili, ya fara tambayar dattawan unguwa inda ruwa ke tsayawa a watan Satumba. Araha ba ta ado, musamman fili a bakin tafki. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke Kudu su sa maganar Njuwa cikin tarurrukansu, su rubuta wa wakilansu a Majalisar Jiha, tun kafin 'ya'yansu su san tafkin a labari kawai.