Tarin Da Ya Ƙi Jin Magani

Wanda duk ya rabu da hanyar Zariya a Kwanar Dangora, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai tarar ƙasa ta sake kama. Duwatsu sun miƙe, a tsakaninsu kuwa ga Riruwai, garin kuza, cikin ƙasar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa a ke haƙar kuza a nan. Kamfani ya zo ya yi zamaninsa ya tsaya, amma jama'a ba su bar ramuka ba, gama da rani nan ne wurin neman na cefane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne in bayyana wa malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa abin da binciken likitoci ya gano game da ƙurar dutse da huhun ɗan Adam, don maganar ta shafi mutanen da mu ke yi wa aiki.

Ba sai mun tafi nesa neman shaida ba. Cikin shekarar 1975 mujallar likitoci ta Ingila mai suna Thorax ta buga rahoton wani bincike da Likita David Warrell na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yi tare da abokan aikinsa. Sun je ƙauyuka biyu kusa da Kano inda a ke sassaƙa dutsen niƙa, suka ɗauki hoton ƙirjin masassaƙa 126, ba tare da zaɓen mai lafiya ko maras lafiya ba. Sai aka tarar 49 daga cikinsu suna da ciwon ƙurar dutse, wanda likitoci ke kira silikosis. Cikin 49 ɗin nan kuma, mutum 17 tabon huhunsu ya riga ya haɗu ya zama curi babba. Waɗanda suka fi daɗewa a sana'ar su ciwon ya fi kamawa.

Abu biyu suka ba da mamaki cikin rahoton. Na fari, mutanen nan a fili su ke aiki, iska na kaɗawa, amma duk da haka ba su tsira ba. To, ina ga mai haƙa cikin rami, inda ƙura ba ta da mafita? Na biyu, fiye da sulusin masu ciwon ba su kawo kukan numfashi ba ko kaɗan. Hoto ne ya tona asirin cutar. Watau mutum yana iya ɗauke da ita shekaru yana ganin kansa garau.

Ga yadda abin ke faruwa. Duwatsu irin na Riruwai cike su ke da farar ƙanƙara. In an fasa ta ko an niƙa ta a bushe, sai ta ba da ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Ita ce ke wuce hanci da maƙogwaro ta zauna can cikin huhu. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya kewaye ta da tabo, tabon kuma ya yi ta yaɗuwa ko da mutum ya bar aikin. Har yau ba a sami maganin da ke share wannan tabo ba.

Wahalar ba ta tsaya nan ba, gama ciwon yana jawo 'yan rakiya. Babbansu shi ne tarin fuka: mai silikosis ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi kamar ninki uku. Akwai kuma waɗanda ba a cika zato ba. In huhu ya ƙandare, sai gefen dama na zuciya ya gaji da tura jini, ƙafafu su kumbura, a yi ta ba mutum maganin kumburi alhali tushen abin yana ƙirji. Wani lokaci huhu ya kan huje, iska ta taru cikin ƙirji ta danne shi, numfashi ya sarƙe farat ɗaya. Cikin 1957 wani likita mai suna Erasmus ya lura da wata cuta mai sa fata ta yi tauri tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, aka kuwa danganta ta da ƙurar nan. Cikin 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar ƙanƙara cikin jerin abubuwan da ke kawo dajin huhu.

Ko tarin fuka shi kansa ya kan bar baya da ƙura. Bayan an warke, ya kan bar kogo cikin huhu, wata irin fumfuna ta shiga ta yi gida, ta dunƙule kamar ƙwallo, mutum ya riƙa tofar da jini yana ramewa. Binciken da Likita Rita Oladele da abokan aikinta suka buga cikin 2017 ya duba 'yan Nijeriya fiye da ɗari biyu waɗanda a ke yi wa maganin tarin fuka, ko dai ba a ga ƙwayar cutar cikin kakinsu ba, ko kuwa maganin bai yi musu aiki ba. Kusan tara cikin ɗari fumfunar nan ce ke damunsu, ita kuwa maganinta dabam ne.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Mai haƙa ya zo ɗakin shan magani da tari, a ba shi ƙwayoyin wata shida, ya shanye, tari bai tafi ba. Wani ya ce bai sha daidai ba ne, wani ya ce sammu ne. Sai a sayar da akuya, a jinginar da gona, a bi masu magani gari gari, har ƙarfin gida ya ƙare. Da an tambaye shi sana'arsa tun ran farko, da an gajarce masa wahala.

Wani zai ce hana haƙa shi ne magani. Amma wanda ya hana mutum abincinsa bai ba shi wani ba, ba za a saurare shi ba. Akwai hanya mai sauƙi. A Jihar Neja, inda ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières da abokan aikinta suka koya wa masu haƙar zinariya jiƙa dutse da ruwa lokacin aiki, rahoton 2019 ya nuna ƙurar ƙanƙara ta ragu da wajen tamanin cikin ɗari. Ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushin nan, ruwa ne ke kwantar da ita. Cikin 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa shawarar a riƙa bin masu haƙar ma'adinai a duba su don tarin fuka, ta kuma yarda a yi amfani da kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji. Yanzu akwai na'urar hoto da mota ke kaiwa har ƙauye.

Sabo da haka aiki ya rage namu. Akawun asibiti ya rubuta sana'ar kowane mai tari, da shekarun da ya yi cikinta. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya kai kakinsa a auna, gama awo da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin da gwamnati ta keɓe. Wanda ya gama magani tari bai bar shi ba, ko ya ga jini, a tura shi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano. Malamin makaranta ya lura da yaron da ke ɓacewa daga aji yana tafiya wurin fasa dutse, ya je ya ga uban yaron da mai unguwa, gama wanda ya fara shaƙar ƙura da ƙuruciya shi zai fi tara ta. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu kuma su haɗa kai su roƙi likitocin Jami'ar Bayero su yi wa mutanen Riruwai irin binciken 1975, don a san yawan masu ciwon, a san abin da za a tanada.

Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da tabonta ba ya gogewa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.