Malumfashi Ba Tasha Take Nema Ba, Jirgi Take Nema

Duk lokacin da aka tayar da zancen jirgin ƙasa a kudancin Katsina, sai ka ji wani ya ce, "Ai mu ma Malumfashi ya kamata a yi mana tasha." Ni dai ban yarda ba. Wanda ke ganin tasha ce maganin matsalarmu, ya hau mota ya je Funtuwa ya gani.

Funtuwa tana da tasha tun da Turawa suka shimfiɗa dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, auduga da gyaɗa suka biyo, amma dai jirgi ya yi ta jigila. Yau fa? Dogon ya fi ganin awaki fiye da taragu. Bafuntuwe mai tasha da Bamalumfashe marar tasha duk tirela suke jira.

Dubi yadda amfanin gonarmu ke fita. Masarar Ɗandume da Bakori, dawar Ƙafur, tumaturin Ɗanja, duk a kan kwalta suke tafiya: ko ta hanyar Funtuwa zuwa Yashe, ko ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano. Kuɗin dizal, kuɗin kamasho, na-goro a kowane shinge, duk ana zaftare su daga farashin buhu tun yana hannun manomi. In hanya ta yi ramuka, ko 'yan bindiga suka tare ta, direba ya ƙara kuɗi, manomi ya biya.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, na kusan dala biliyan 2, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Allah ya sa alheri, ba mu yi wa kowa hassada ba. Amma rumbun jihar yana kudu, sabon dogo yana arewa. A 2024 kuma aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa, wadda amfaninta ya rataya ga jirgin da zai kai kwantena bakin teku. In babu jirgi, me ya raba ta da garejin tireloli?

Za a ce ai tsohon dogon siriri ne, jirginsa ba ya sauri. To masara sauri take yi? Buhu ba ya makara ɗaurin aure. Abin da yake buƙata shi ne araha da rana tsayayya.

Don haka mu daina roƙon gini. Tsakanin Malumfashi da Funtuwa tafiyar kamar awa ɗaya ce ta Bakori. A gyara wannan hanya, a tsare ta, a dawo da jirgin kaya Funtuwa ko da sau biyu ne a mako lokacin kaka, shi ke nan Malumfashi ta samu jirgi ba tare da an aza bulo ɗaya ba.

Duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin tasha, ku tambaye shi: wace rana jirgin Funtuwa zai tashi, kuma nawa ne kuɗin buhu?