Kadarkon Jirgin Ƙasa da Ya Koma na Mota a Tsibiran Fulorida

A kudancin Amurka, inda Jihar Fulorida ta ƙare, akwai waɗansu ƙananan tsibirai jere cikin teku kamar ƙwayoyin tsakiya. Na ƙarshensu ana ce da shi Ki Wes. Babbar hanya guda ce ta ratsa su ta haɗa su da tudu, tsawonta mil 113, kadarkonta 42. Asalinta kuwa ba don mota aka yi ta ba.

Wani attajiri ne, Henri Filagila, abokin cinikin Rokafela a fataucin man fetur, ya ƙudura a ransa sai ya kai jirgin ƙasa Ki Wes. Lissafinsa shi ne, idan aka gama haƙa mashigin Fanama, jiragen ruwa za su riƙa sauke kaya a can, shi kuwa ya kwasa zuwa arewa. Aka soma aiki a 1905. Guguwa ta sha halaka ma'aikata, bai fasa ba. Ran 22 ga Janairu 1912 ya shiga Ki Wes a jirgin farko, yana da shekara 82. Shekara na zagayowa ya mutu.

To, sai dai hajar da ya yi tsammani ba ta zo ba yadda ya ƙiyasta. Wannan shi ne abin da ya kamata masu ciniki su lura da shi, domin mutane da yawa sukan ce guguwa ce ta kashe wannan reluwe, alhali kuwa tun 1931 kamfanin ya karye, bashi ya yi masa kanta. Guguwar ran 2 ga Satumba 1935 ta tarar da shi kwance ne. Ta kashe mutum fiye da 400, da yawansu tsofaffin sojan Yaƙin Duniya na Farko da ke aikin hanya. Jirgin da aka aika ya kwaso su ma ruwa ya kifar da taragunsa, kan jirgin kaɗai ya rage tsaye. Amma ginshiƙan kadarkon, da aka zuba da siminti a cikin ruwan gishiri, ba su faɗi ba.

Kamfani ba shi da kuɗin gyara, sai ya sayar wa hukuma da hanyar da kadarkonta a kan dala 640,000, abin da ko kusa bai kai kuɗin gininsu ba. Injiniyoyi suka gitta ƙarafa bisa gadon dogo, suka faɗaɗa shi zuwa ƙafa 22, suka shimfiɗa hanya. Ƙarfen dogon da aka ɓamɓare ma ba a zubar ba, da shi aka yi shingen gefe. A kadarkon Bahiya Honda, da cikinsa ya yi wa mota biyu ƙunci, sai aka ɗora hanyar bisa kansa. Aka buɗe ta a 1938, ana biyan kuɗin wucewa har 1954.

Dabara ce mai kyau, amma ƙafa 22 ba faɗi ba ne ga manyan motoci. Idan biyu suka haɗu a kadarkon nan mai mil bakwai, kowane direba sai ya riƙe numfashinsa. Saboda haka aka gina sababbi kusa da tsofaffin: na Bahiya Honda a 1972, na mil bakwai a 1982.

Daga nan tsofaffin suka zama nauyi a wuyan hukuma. Gishiri na cin ƙarfensu dare da rana. An datse waɗansu don jiragen ruwa su wuce, waɗansu an bar wa masunta. Wani yanki mai mil biyu da ɗoriya, wanda ya kai tsibirin Fijin Ki inda ma'aikatan Filagila suka yi sansani, an ɓatar da fiye da dala miliyan 40 wajen gyaransa, aka sake buɗe shi a Janairun 2022, don masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ana iya cewa kuɗin ya yi yawa ga kadarkon da ba ya ɗaukar kaya. Sai dai baƙi masu yawon buɗe ido su ne abincin tsibiran, kuma wannan kadarko yana cikin abin da ke kawo su.

Babbar damuwa tana ga sababbin, domin su ma sun haura shekara 40 cikin gishirin nan. Abincin mutanen da bututun ruwan shansu duk ta wannan hanya suke bi, kuma ita ce mafitarsu ta mota idan an yi shelar guguwa, kamar yadda aka yi a 2017.