Ƙarfe mai tuna siffarsa: shin zai jure zafin Yamai?

A Babbar Kasuwar Yamai, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Wannan lamba kaɗai ta isa ta sa ayar tambaya kan wata fasahar likitanci da ake ta yayatawa a ƙasashen waje.

Asalin maganar shi ne Nitinol, gaurayen ƙarafan nikel da titaniyom da William Buehler ya gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. Idan aka lanƙwasa shi yana da sanyi, da zarar ya ji ɗumi sai ya koma siffarsa ta farko. Da shi ake yin wayar daidaita haƙora da bututun buɗe jijiyar jini, har da ƙaramin firam ɗin tabarau da ba ya karyewa.

Yanzu masana sun ƙanƙantar da dabarar. A Jami'ar Johns Hopkins, ayarin David Gracias ya ƙera 'yan matsefata da ba su kai milimita ɗaya ba. Ana zuba su da yawa cikin hanji, ɗumin jiki ya tausasa abin da ke riƙe da yatsunsu, su damƙe ɗan tsokar da ake son aunawa, sannan a janyo su da maganaɗisu. Babu batir, babu waya.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da ke rufe su zafin jiki ne, digiri 37. Kenan a ɗakin ajiya na Yamai cikin bazara za su damƙe iska tun ba su ga majinyaci ba, sai dai in firiji bai taɓa mutuwa ba. Mazauna birnin kuwa ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da Nijar ke dogaro da ita, rufe iyakar Benin kuma ya tsayar da magunguna a hanya.

Nijar ta buɗe sashenta na farko na gashin ciwon daji a Yamai a 2021. Amma kafin gashi sai an tabbatar da cutar, wato a yanko tsoka, a rina ta, ƙwararre ya duba ta a madubin likita. 'Yan ƙasar da ke ƙetare masu tara kuɗin sayen kayan asibiti za su fi taimakawa idan suka fara da sinadaran rini, firiji mai aiki da hasken rana, da horar da masu karanta samfurin.