Daga Rumfar Gadarif: Da a ce Kano da Katsina sun je fada tare

Kakar riɗi ta kama a nan Gadarif, kowa na ta fama da buhu da sikeli. Wannan makon sai ku yi mini afuwa, ba farashi zan kawo muku ba. Wata tambaya ce ɗana ya jefo mini, har yau ba ta bar ni na huta ba.

Daren Talata aka ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ni da maƙwabcina, wani dattijo da ya haura saba'in. Ina ta mita a kan kuɗin da aka karɓe wa direbana a shingaye. Sai yaron ya ce, "Baba, ka ce kakanninmu suna da birane masu ganuwa. Me ya sa ba su haɗu sun yi wa 'yan kasuwa doka guda wadda babu sarkin da zai taɓa ba?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa.

Ga abin da tarihi ya ajiye. Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano. A 1493 Askiya Muhammadu ya hau gadon Songhai, daular da ta fi kowace ƙarfi a yammacinmu. Matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta cewa Askiya ya ɗora wa Sarkin Kano biyan sulusin abin da ƙasar ke tarawa duk shekara. Su kuwa Kano da Katsina, maimakon su haɗa kai, sai suka yi ta gwabzawa, ba a samu sulhu mai ɗorewa ba sai wajajen 1650, shi ma malamai ne suka shiga tsakani.

To, mu ƙaddara abin ya bi wata hanya. A ce Kano da Katsina da Zazzau sun tura jakada guda zuwa Gao, ya ce: ranka ya daɗe, ga gaisuwarmu ta shekara, adadi sananne, a rubuce, ba ƙari ba ragi. Kai ka tsare mana hanya. Mu za mu zaɓi shugabanninmu, mu yi shari'ar kasuwarmu, kuma a majalisar kowane birni fatake da marina da dukawa suna da wurin zama.

Kada ku ce tatsuniya ce, an yi irinta a duniya. Birnin Dubrobnik da ke gaɓar teku a Kuroshiya ta yau ya daɗe yana biyan Daular Usmaniyya zinariya 12,500 duk shekara, ya riƙe majalisarsa, 'yan kasuwarsa suna yawo cikin daular da rangwamen kuɗin fito. A Jamus ma akwai birane irin su Hambag da Biremen waɗanda ba sa ƙarƙashin wani basarake sai babban sarkin daula kai tsaye.

Da mu ma an yi haka, me zai canza? Ku dubi zamanin Sarkin Kano Kumbari, 1731 zuwa 1743. Tarihin Kano ya nuna ya matsa wa Kurmi da haraji har kasuwar ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina. Da akwai majalisar da sai ta amince kafin a ƙara ko wuri ɗaya, da wannan bai faru ba. Da Kwararrafa sun tarar da birane uku a bayan ganuwa guda. Wataƙila ma da yawa daga cikin zaluncin haraji da Shehu Usmanu ya lissafa a Kitabul Farƙi da bai samu wurin zama ba.

Ina cikin wannan daɗin baki, sai dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam, ka gama? Songhai ɗin da kake jingina da ita, ai a 1591 bindigar Maroko ta watsa ta a Tondibi. Takardarka wa zai karanta? Sannan majalisar attajirai, ka tabbata za ta tuna da talaka? Bayin da ake sayarwa a kasuwannin nan fa, wa zai ba su kujera?"

Gaskiya ce mai ɗaci, ban musa ba. Dubrobnik ɗin ma Nafoliyon ya rushe mulkinta a 1808. Amma na ce masa, Baba, duba ɗaya gefen. Daular da Hambag da Biremen ke ciki ta ruguje a 1806, amma yau ɗin nan kowannensu jiha ce mai majalisarta a Jamus. Ashe ba takardar ce ta raya su ba. Sabo ne: mutanen gari sun saba zama tare, su tara kuɗi tare, su je gaban mai mulki da murya ɗaya. Daula ta tafi, sabo ya tsaya.

Nan ne abin ya dawo kanmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a zuwa gabas, suka kafa Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Wasu alhazai ne da hanyar Makka ta ajiye a nan. A Kumasi akwai zango da sarkinsa. Kowane zango ƙaramin birni ne a cikin daular wani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mun ga yadda hukuma ke iya ɓacewa dare ɗaya. Da mutanen Madani suka kwararo Gadarif a Disambar wannan shekarar, wa ya fara ba su tabarma da tuwo? Maƙwabta ne da masallatan unguwa.

Amma ga abin kunyar. A taron ƙungiyarmu na watan jiya, kujeru sun fi mutane yawa. Kowa ya fi son ya lallaɓa shi kaɗai ya sasanta da mai shinge, ya ga ya yi wayo. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Kano ce da Katsina muke maimaitawa, alhali mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shawarata ba ta da yawa. Ku biya kuɗin ƙungiya. Duk abin da aka amince da hukuma a rubuta, a nemi rasit. A ba mata masu sana'a da 'yan dako wurin zama, kada tambayar dattijo ta kama mu. A kuma riƙa zuwa da yara taro, su ga yadda ake yi.

Ɗana ya yi barci kafin mu kammala. Da safe na ce masa taro mai zuwa tare za mu je. Ku fa, yaya lamarin yake a zangonku? Ku rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.