Giyar Hannu a Motar Atomatik: Wa Ya Fi Gwaninta, Direba ko Kwamfuta?

Ranar wata Asabar da yamma ƙanina ya ɗauko ni daga Kano zuwa gida Kazaure a cikin wata Mercedes C300 ta amininsa. Muna wuce Dambatta ya fara buga sandar giya hagu da dama, inji yana kururuwa, allurar agogon juyin inji tana leƙa jan layi. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, “Yaya, idan ka bar ta a D barci take yi. Sai ka sa mata hannu take nuna maka ko ita wace ce.” Wannan magana ta zama ruwan dare a majalisun samari, kuma na ji ta a bakin manya masu digiri. Ra'ayina shi ne rabinta gaskiya ce, amma rabin da samari suka riƙe shi ne wanda ba daidai ba, kuma shi ne yake cin kuɗi da rayuka.

Mu fara da abin da giya take yi. Injin mota ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya a kowane lokaci. Idan yana juyawa a hankali ƙarfinsa kaɗan ne, idan juyin ya hau sai ƙarfin ya ƙaru, kuma a yawancin ƙananan motocin fetur yakan kai ƙololuwa a wajejen juyi 6,000 a minti ɗaya. Aikin giyabos shi ne ya daidaita juyin inji da juyin taya. Ƙaramar giya tana bai wa taya ƙarfin ja amma gudunta gajere ne, babbar giya tana ba da nisa da sauƙin mai amma ba ta da fizga. Saboda haka duk wanda yake son mota ta zabura, abin da yake nema shi ne inji ya zauna a inda ƙarfinsa yake. Canja giya da hannu ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Iyakacinsa ya zaɓi lokacin da za a yi amfani da ƙarfin da ke akwai.

To wa ya fi iya zaɓen lokacin? A zamanin iyayenmu, amsar direba ce. Sun koyi tuƙi da Peugeot 504 wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma atomatik ɗin wancan lokaci mai giya uku ce, mai nawa da shan mai. Daga nan aka gaji raini ga motar da ba ta da kuloci. Amma duniyar mota ta yi nisa tun daga Hydra-Matic da kamfanin General Motors ya sa a Oldsmobile ta 1940. A 1989 Ferrari ta shiga tseren Formula 1 da motar da ake canja mata giya da yatsu a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Burazil. Ba da jimawa ba Porsche ta fito da Tiptronic, wato atomatik da direba zai iya yi wa umarni da hannu. A 2003 Volkswagen ta kawo DSG mai kuloci biyu, wadda take shirya giya ta gaba tun kafin a bar ta yanzu. A yau, alƙaluman da Porsche take fitarwa da kanta suna nuna 911 mai giyar PDK ta fi takwararta mai kuloci saurin kai kilomita 100 a awa daga tsaye.

Dalilin a fili yake. Kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, tana karanta juyin inji da gudun taya da zurfin takun totur sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan ka take totur har ƙasa, ita da kanta take saukar da giya, ta riƙe ta har kusa da jan layi, sannan ta canja. Ɗan Adam kuwa ko dai ya canja da wuri ya rasa ƙarfi, ko ya makara inji ya kai iyakarsa ya shaƙe. Kukan da ƙanina yake ji yana ɗauka gudu ne, yawancinsa ƙara ce kawai. Akwai ma abin da da yawa ba su sani ba: a Camry da dama, lambar da ke fitowa idan an tura sanda zuwa S ba giyar da kake ciki ba ce, iyaka ce ka sa wa mota kada ta wuce ta. Motoci masu CVT kuma, irin su Corolla 'yar Amurka daga 2014, ba su da matakan giya irin na gargajiya. Bel ne da fuli, kuma matakan da direba yake ji kwamfuta ce take kwaikwayo.

Duk da haka, ba zan ce injiniyoyi sun sa wannan dama don ado ba. Akwai abu guda da direba ya fi kwamfuta, shi ne ido. Kwamfuta ta san abin da mota take yi yanzu, direba yana ganin abin da ke tafe. Mafi yawan hanyoyin yankinmu, daga Roni zuwa Gwiwa har Babura, falan ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa. Idan kana bayan tirela kana jiran sarari, kuma mota tana babbar giya, lokacin da ka take totur sai giyabos ya yi ɗan jinkiri kafin ya sauko, wani lokaci har ya kai daƙiƙa guda. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Idan wata tana tunkaro ka da irin gudun, tazarar mita 56 ce take ɓacewa a wannan ƙiftawar. Direban da ya saukar da giya tun yana bayan tirelar, ya fita da inji a shirye, ya rage zamansa a hannun da ba nasa ba. Wannan shi ne amfanin giyar hannu na haƙiƙa.

Amfani na biyu yana gangara. A wuraren duwatsu da tuddai irin na Kazaure da Roni, musamman da mota cike da kaya, ƙaramar giya tana sa inji ya riƙe mota, birki ya huta bai yi zafi ba. Na uku yana cikin yashi da taɓon damina, inda riƙe giya ɗaya yake hana mota canjawa daidai lokacin da taya ke neman abin kamawa. Duk ukun nan aikin natsuwa ne, babu na nuna bajinta a ciki.

Akwai kuma ɗabi'u biyu da ke fakewa da sunan gwaninta. Na farko, a sa mota a N, a ɗaga totur, sannan a wurga ta D don taya ta yi ƙara. Wannan yana ƙona faifan kulocin da ke cikin giyabos, kuma duk wanda ya taɓa neman giyabos ɗin kwatano ya san ba abin wasa ba ne. Na biyu ya ƙaru tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023: sakin mota a N a kan gangara don tsimin fetur. Injin zamani, idan yana cikin giya kuma ka ɗage ƙafa, yakan yanke mai gaba ɗaya, amma a N sai ya sha mai don kada ya mutu. Ka yi asarar man, ka kuma bar birki shi kaɗai da nauyin mota.

Wani zai ce ai motarsa ce, kuma jin daɗin tuƙi ba laifi ba ne. Na yarda, ni ma ina son mota mai amsa kira. Amma titin ba nasa ba ne shi kaɗai. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ƙarfin karo kuma yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: wanda ya tashi daga 80 zuwa 120 ya ninka shi fiye da sau biyu. Motocin da aka ƙera don gudu an ƙera su da tunanin filin tsere, inda babu amalanke, babu ɗan acaɓa, babu ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu da ke tsallaka titi da yamma. Wasan mota a bikin aure ya riga ya mayar da gidajen biki da dama gidajen makoki.

Shawarata ga mai irin wannan mota ita ce ya buɗe littafinta ya ga me S ko M ke nufi a tasa, ya kula da man giya, ya bar ta a D a mafi yawan tafiyarsa, ya ajiye hannu don wuce babbar mota da gangara da yashi. Da muka shiga Kazaure na ce wa ƙanina ya mayar da sandar inda take. Ya mayar yana gunaguni, muka isa gida ana kiran sallar magariba. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.