Likitan Da Ya Ƙi Yin Shiru

'Yan'uwa, ku saurara. A lakwal an koya mana kogunan Faransa da sarakunanta, amma ba mushen da ya taɓa ambata mana Paul Vigné d'Octon. Ba banza ba.

Bafaranshe ne, an haife shi a 1859. Likitan sojan ruwa ne, ya yi aiki a Sanagal da Gine, ya ga yadda ake cin ƙasa da bakin bindiga. Sai ya aje aikin soja, ya kama alƙalami, ya zama dipite a 1893.

A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasarmu. Suka yaƙi Sarauniya a Lugu, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka hallaka jama'a ba adadi. Faransa ba ta girgiza sosai ba sai da Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli. Jinin Bature guda ya fi na gari guda nauyi a ma'auninsu.

A 1900 likitan nan ya fitar da littafinsa, La Gloire du sabre, ya kuma miƙe a Majalisa ya nemi a yi bincike. Aka ƙi. Daga baya hukuma ta ce wai zafin rana ne ya taɓa hankalin hafsoshin nan biyu. Rana ce ta ba su harsashi? Rana ce ta aike su Tafkin Cadi? Cikin ranar nan kakanninmu ke noma, ba su ƙone garin kowa ba. Littafin ya nuna an yi irin wannan ta'asa har a Madagaskar, inda mutanen nan biyu ba su da hannu. Ashe cutar mulkin mallaka ce kanta.

Mun yaba masa. Amma bakin Turawa ya tattara, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka gani da ido sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ma sun tsufa.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe, daga Ƙonni har Tasawa: ran kasuwa a zauna da tsofaffi, a rubuta abin da suka ji, sunan gari, sunan wanda aka kashe, sunan mai ba da labari. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. In ba mu rubuta ba, gobe 'ya'yanmu za su karanta cewa rana ce ta ƙone Ƙonni.